Mafici a Ɗakin Rumbu

Shekarar da muka bar gonakinmu na wajen Gatawa, ba ni da wata sana'a da ta wuce fartanya. Ba za ni yi dogon bayani kan abin da ya taso mu ba, duk wanda ke ƙasar Gobir ya sani. Mun iso Sabon Birni da gero kaɗan, da akuya guda, da tabarmi, ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu. Na yi wata huɗu ina zaune bakin kasuwa ina kallon masu kabu-kabu suna kai da kawowa.

Wanda ya samo mani aiki ɗan malaminmu ne. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mani karatun allo, kuma ban bar zaurensa ba har na yi aure. Ranar sunan yaron ni na riƙe ragon. Ya girma ya yi boko har Sakkwato, ya dawo yana aikin gwaje-gwaje a wani asibiti, inda ake duba jini da kaki a gano cutar da ke jikin mutum. Yana ce mani Yaya, ni kuma ina ce masa Malam ƙarami, ko da yake yanzu ya fi ni tsawo ya fi ni gemu. Shi ya yi magana aka ɗauke ni goge-goge a sashensu.

A zauren mahaifinsa aikina sananne ne. Idan bazara ta kama, Malam yana zaune kan buzu yana ba da karatu, ni ke tsaye bayan kafaɗarsa ta dama da maficin kaba. Mai fifita ba ya sallama, ba ya sa baki, ba a ma ƙirga shi cikin waɗanda suka shigo. Yakan zo shiru ya tafi shiru. Idan ya iya aikinsa, malami ba zai san yana nan ba, sai dai ya ji zufa ta daina zubo masa a kan littafi. Na iya wannan aikin. Duk abin da ya faru daga baya, daga nan ya samo asali.

A sashen akwai wani ɗan ɗaki daga can ciki, mai ƙofa guda da ɗan gilashi a jikinta. A nan ake buɗe robobin kakin masu tarin fuka. Cikin ɗakin akwai wata na'ura da ma'aikata ke kira kabinet. Ni tun ranar farko na raɗa mata rumbu, don tana tsaye kan ƙafafu ba ta taɓa ƙasa, kamar rumbun dawa a kan duwatsunsa, ga kuma bututu da ya tashi daga kanta ya huda rufi. Gabanta gilashi ne, an bar buɗaɗɗen wuri daga ƙasa, daidai inda mutum zai zura hannuwansa biyu. A bakin wurin akwai ƙananan huji a jere kamar na rariya. Idan aka kunna ta, sai ta kama gurnani ƙasa-ƙasa, ba ta fasawa har a tashi. An liƙa wani ɗan siririn zare a gefen gilashin, kuma muddin tana gurnani, zaren yana karkace yana nuna ciki.

Ranar da na fara aiki Malam ƙarami ya zagaya da ni. Ya ce ba a shiga ɗakin da tsintsiya, sai mofa da ruwan magani, kuma da sassafe kafin a fara aiki. Ya ce cikin rumbun ba ruwana da shi, su ke goge abinsu. Sannan ya buga yatsa a kan wata takarda da aka manna a ƙofa.

"Sauran ƙa'idojin ga su nan, Yaya, da Hausa munka rubuta su. Ka duba su in ka samu sarari."

Na ɗaga kai na dubi takardar, na gyaɗa kai kamar wanda ya fahimta. Ajami nakan taɓa shi a hankali, amma boko ko baƙi guda ban sani ba. Kunya ta hana ni faɗi. Yaron da na goya a wuya, in tsaya gabansa in ce ban iya ba? Na ce, "To, Malam ƙarami."

Wani abu ya dame ni game da ɗakin. Kowane ofishi a asibitin yana da fanka, ban da wannan. Ga ƙugiyar fankar nan a sama, amma an cire ta. Taga kuma kullum a kulle. Na ɗauka rowa ce ta manya, ko wani ya kwance fankar ya kai gidansa. Har na faɗa wa mai ɗakina cewa ana zaluntar ɗan Malam, an ba shi ɗakin da ya fi kowane zafi.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Wata Talata wajen azahar na gama wanke bokitaina, na zo wucewa, na leƙa ta ɗan gilashin ƙofar. Yana zaune gaban rumbu ya ba ni baya, hannuwansa biyu a ciki. Zufa ta jiƙa wuyan farar rigarsa, tana gangarowa ta bayan kunnensa, ba shi da hannun da zai share. Ƙeyarsa irin ta mahaifinsa ce sak, har da ɗan lanƙwasa wuyan nan zuwa hagu. Wallahi ban yi wani tunani ba. Na koma inda nake ajiye kayana na ɗauko mafici, na tuɓe takalma a bakin ƙofa, na tura ta a hankali na shiga. Gurnanin rumbu ya rufe motsina. Na tsaya bayan kafaɗarsa ta dama na fara.

Na yi masa fifita irin ta girmamawa, mai faɗi, wadda ke taso iska daga gefe ta bi ta gaban fuskar mutum. Na kaɗa sau biyar ko shida. Sai na ga zaren nan da kullum ke nuna ciki ya fara rawa, yana leƙowa waje.

Shi ma ya gani. Bai yi tsawa ba, bai ko waiwayo ba. Na ga yatsunsa cikin safar roba sun ɗauki murfi sun rufe robar da ke buɗe, a hankali kamar mai rufe kwandon ƙwai.

"Yaya, kai na?"

"Ni na, Malam ƙarami. Zafin ya yi yawa."

"Tsai da hannunka. Kada ka yi sauri. Ja da baya sannu-sannu ka fita, ka jawo ƙofa."

Muryar da ya yi maganar da ita ban taɓa jin ta bakinsa ba. Na fita na zauna kan benci, mafici a cinyata. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya zo ya zauna kusa da ni, sannan ya tambaye ni ko na duba takardar ƙofa. A nan na faɗa masa gaskiya. Ya rufe fuska da tafukansa.

"Laifina ne. Da na sani da ajami zan rubuta maka," in ji shi, sai ya gyara da irin maganarmu ta gida, "da ajami za ni rubuta ma. Kuma ni ma ban tsira ba, na sassauta takunkumina sabadda zafi, hancina na waje."

Washegari da safe, kafin a kawo robar kowa, ya ba ni takunkumi na ɗaura, ya shiga da ni ɗakin. Ya kunna rumbu ya bar shi ya yi gurnani na ɗan lokaci. Sai ya fito da turaren tsinke daga aljihu ya kunna, ya riƙe shi daidai bakin wurin zura hannu. Hayaƙin bai tashi sama ba. Ya lanƙwasa ya shige cikin hujin nan kamar ana jan sa da igiya. Ya matsa da tsinken daga wannan gefe zuwa wancan, ko'ina hayaƙin ciki yake yi.

Ya ce iskar da ke shiga ita ce katanga tsakanin mai aiki da ƙwayar cuta. Abin da ya tashi daga roba ba ya samun hanyar fitowa, sai iska ta ɗauke shi ta kai shi wata matata da ke sama, matatar ta riƙe shi, iska mai tsabta ta fita ta bututu. Shi ya sa aka cire fanka, shi ya sa ake kulle taga, shi ya sa ko hannunsa ba ya fizgewa da sauri.

"To ɗauko maficinka. Kaɗa sau guda."

Na kaɗa. Hayaƙin ya tsinke, ya watse, wani ya taso ya bugi takunkumina har na ji ƙamshin.

"Yaya, kai manomi na. In mata na shiƙar gero, ina suka tsayawa?"

"Bayan iska."

"In wani ya zo da faifai ya maido masu iskar ga fuska fa?"

"Ƙaiƙayi za su sha."

"To jiya ni da kai mun sha ƙaiƙayi, in akwai shi. Allah ya sa babu."

Na tambaye shi robar wa ce ke buɗe. Ya ce ba ya faɗin wannan, amma da aka gama gwada ta an ga cutar a ciki.

Da na koma gida na ba mai ɗakina labari. Na zaci za ta tausaya mani. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shekara ashirin da wani abu ina gidanka, ko ranar da nic ci wuta wajen tuwon suna ba ka taɓa yi man fifita ba. Ranar da ka tashi yi, ka kai ta inda ba a so."

"Ke ba ɗiyar Malam ba ce."

"Allah ya tsare ni da fifitarka, tunda cuta taka korowa."

Ta yi dariya, amma da ta ga ban taɓa tuwo ba sai ta daina. Ta san abin da ke raina. Malam, a ciwonsa na ƙarshe, ya kama hannuna ya nuna 'ya'yansa ya ce, ga ƙannenka nan. Ni kuma na je da hannun nan na kaɗa wa ɗansa cuta a hanci. Ni da ban ɗaura komai ba a ranar na fi shi shiga haɗari, ya sha faɗa mani haka, amma wannan bai taɓa hana ni barci ba. Nasa ne ya hana.

Malam ƙarami ya ce abin ba ya nunawa da wuri, sai dai mu sa ido. Daga nan gaisuwarmu ta safe ta sauya. Idan ya faka babur ɗinsa sai ya ce, "Ina kwana, Yaya, ya tari?" In ce, "Babu. Kai fa?" Ya ce, "Babu." Har abokiyar aikinsa, wata Hajiya 'yar garin Isa mai yawan barkwanci, ta kama. Idan ta gan ni da mofa sai ta ɗaga murya: "Sarkin fifita, a taimaka a bi ta ofishina, ni ba ni da rumbu!"

A makon nan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar ake yi, a wata firamare, kan bencin yara, gwiwoyinmu suna kai mana ƙirji. Mu goma sha wani abu ne, har da wani mahauci da wani tsohon direba daga Tsamaye wanda ya yi shekaru yana bin hanya bai taɓa karanta allon gefen titi ba. Malaminmu tsohon hedimasta ne mai haƙuri. Ranar farko na buɗe littafin rubutu daga baya na fara daga dama, yadda hannuna ya saba a allo. Ya tsaya a kaina ya ce, "Alaramma, wannan jakin ta hagu aka hawansa."

Ba ni da saurin ɗauka. Mahaucin ya wuce ni, direban ma ya wuce ni. Amma ni na san noma, ba a jan gero don ya yi tsawo. Muka yi ba, be, bi, bo, bu har na riƙa jin su cikin gurnanin rumbu idan ina goge baranda. Wata safiya na tsaya gaban takardar ƙofa da mofa a hannu. Na kama wata gajeriyar kalma a bakin layi na fara ta daga dama, ta ba ni wani abu wai "ubab", na ce wannan ba Hausa ba ce. Na tuna jakin hedimasta na koma hagu. Ba. Bu. Babu. Layi na biyu ma da ita ya fara, na uku ma haka. Sauran kalmomin sun ɗauke ni wasu makonni: babu shiga idan na'ura tana aiki, babu fanka, babu buɗe taga. Ashe tun ranar farko takardar tana yi mani magana.

Da ruwan farko ya sauka, wata safiya na ce masa, "Kai fa?" Ya buɗe baki zai amsa sai tari ya riga shi. Ya ce ruwa ne ya dake shi a kan babur yana dawowa daga Isa, kada in damu. Kwana uku yana yi. Mako guda yana yi. Na kai masa zuma da citta, ya karɓa ya yi godiya. Ina goge baranda ina ƙirga tarinsa ta bango, yadda nake ƙirga tsawa idan ina jiran ruwa a gona. Ya daina shiga ɗakin rumbu, Hajiya ta karɓi aikin, shi kuma yana zaune ofis da takunkumi.

Ranar da ya cika mako biyu ya kira ni.

"Mi muka ce ma mutane in tari ya kai sati biyu?"

"Su kawo kaki."

"To ni ma mutum na."

Ya ɗauki roba ya fita bayan gini, can fili inda ake tura masu tari, ya dawo ya miƙa wa Hajiya a rufe. Na tsaya bakin ƙofa, daga waje, ina kallo ta ɗan gilashin. Ta ɗaura takunkumi ta matse shi a karan hanci. Ta kunna rumbu ta jira. Zaren ya karkata ciki. Ta zura hannuwanta a hankali ta buɗe robar ɗan malamina a bayan gilashi. Ita ma zufa tana bin wuyanta. Hannuna na dama ya motsa da kansa, na kama shi da na hagu na riƙe.

Sakamakon sai bayan azahar. Na goge baranda sau biyu, na goge wadda ba tawa ba. Na yi salla ban san surar da na karanta ba. Da na dawo na same su a ofis su biyu, fuskokinsu ba su nuna komai ba, ashe sun haɗa baki. Takarda tana kife a kan tebur.

"Malam ƙarami, mi anka gani?"

"Ni ba ni faɗi. An ce kana zuwa makaranta."

"Don girman Allah, Hajiya."

"Ni ma ba ni faɗi. Wata biyu kana cinye biron gwamnati, yau za mu ga amfaninsa."

Ya juyo da takardar ya tura gabana. Sama duk Turanci ne na na'ura, ban ko tsaya a kansa ba. A ƙasa Hajiya ta rubuta kalma guda da jan biro, manya-manya. Idona ya cika da ruwa, baƙaƙen suna iyo. Na share da hannun riga. Na sa yatsa a hagu. Na san cewa idan cutar tana nan, da baƙin "a" kalmar za ta fara, don na riga na koyi "akwai", na ajiye ta a raina ina tsoronta. Wannan da baƙi mai tsayi kamar sanda ta fara, mai ciki a gaba.

"Ba," na ce. Yatsana ya matsa. "Bu."

"Ƙara faɗi, ba mu ji ba," in ji Hajiya.

Na zauna a ƙasa, nan kan simintin da na goge da safe. Tun tasowata babu ita ce kalmar da ba a son ji a gida: babu ruwa, babu hatsi, babu labarin wane. Ban san akwai ranar da za ni ji ta in yi hamdala ba.

Malam ƙarami ya durƙusa ya kama kafaɗata. Ya ce za a sake dubawa nan gaba don a tabbata, kuma an sake, babu ɗin ce dai. Tarin ma bai ƙara mako ba ya tafi.

Yanzu shekara ta uku ke nan ina ajin, kuma da hannuna na rubuta wannan, hedimasta ya gyara mani inda na tsallake baƙi. Takardar ƙofa ta tsufa ta yage, aka ce in sake rubuta ta. Na rubuta layukan uku yadda suke, na ƙara na huɗu da kaina, babu fifita, sannan na maimaita duka da ajami a ƙasa saboda irina. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, ba na tambayarsa ko ya iya karatu. Nakan tsaya tare da shi gaban ƙofar in karanta da ƙarfi, kamar ni ne ke son tunawa.

Maficin yana nan. Idan Malam ƙarami ya gama aiki, ya bar rumbu ya yi gurnaninsa na ƙarshe ya kashe, ya wanke hannu, yakan fito ya zauna kan benci ƙarƙashin dogon yaro. Nakan zo in tsaya bayan kafaɗarsa ta dama. Da farko yana hana ni, yana cewa ni ne babba. Na ce masa ba shi nake yi wa ba, ƙeyar nake yi wa. Ya bari.

Mai ɗakina kuwa ta ji labarin bencin. Ranar nan tana tuƙa tuwo, ta miƙo mani faifai ba tare da ta dube ni ba.

"Nan babu rumbu, babu takarda. Bismilla."